Bature ya ce zai naɗi waƙoƙinmu kyauta, mu sa hannu ko mu dakata?

Mai Jita na Agadas: Salamu alaikum jama'a. Mu huɗu ne: jita biyu, bas (jita mai kaurin murya), da ƙanena mai ganga. Shekara uku muna kiɗan biki, rabin waƙoƙinmu da Tamashek, harshen Buzaye, rabi da Hausa. Wani Bature ya ga bidiyonmu a WhatsApp, ya ce zai biya kuɗin sutudiyo a Yamai, waƙa 8, ya ba mu jikka 300 a hannu, amma sautin da aka naɗa nasa ne har shekara 10. Takardar da Turanci take, ni kuwa ko Faransancin da ƙyar. Mun tara jikka 180 da kuɗin biki, da niyyar mu naɗa da kanmu. Zai koma ƙasarsu ƙarshen wata. Wanda ya taɓa shiga irin wannan ya ba ni shawara don Allah.

Bakanon Sabon Gari: Ku zo Kano kawai. Waƙa ɗaya naira dubu 40, har da haɗa sauti, kwana biyu an gama.

Ɗan Tawa: Malam, ka karanta kuwa? Mutum ya ce ganga da jita, kai kana maganar fiyano da kwamfuta. Sutudiyon da ka sani ko wurin ajiye ganga babu.

Tsohon Mai Bas: Ƙanena, zauna ka ji. Ni ma an taɓa zo mana haka. Mutumin ya sauka gidan babban yayanmu, ya sha shayinmu mako biyu, har rawani muka naɗa masa. Ya kafa makirfo biyu a tsakar gida bayan isha'i, don lokacin ne awaki ke yin shiru, muka yi masa waƙa 11. Ya ba mu jikka 150, muka raba mu biyar muna murna kamar an ba mu kujerar Makka. Bayan shekara huɗu wani yaro ɗan makaranta ya nuna mini fuskata a intanet, ana sayar da faifan, sunana ma ba a rubuta daidai ba. Na kira lambar, a kashe. Abin da ya fi ƙona mini rai ba kuɗin ba ne. 'Yan ƙungiya suka ɗauka shugabanmu ya karɓi wani abu a ɓoye, aka yi rantse-rantse, aka raba kaya. Ampili (na'urar ƙara sauti) ɗaya tal muke da shi, a kansa aka kai mu gaban mai unguwa. Yau ni kabu-kabu nake yi, bas ɗin tana rataye a ɗaki, igiya biyu sun tsinke.

Uwar Biki: Allah sarki baba. Allah ya saka maka.

Ɗan Tawa: Baba, da girmanka, amma ba kowane baƙo ne ɓarawo ba. Mdou Moctar, mai jitar nan ɗan Nijar, a Sakkwato ya yi naɗinsa na farko a 2008, waƙoƙin suka riƙa yawo daga waya zuwa waya ta Bluetooth da katin memori. Wani Ba'amurke, Christopher Kirkley, ya tsinci ɗaya, ya nemo mai ita, ya sa ta a wani faifai na kamfaninsa Sahel Sounds a 2011. Daga nan ƙofa ta buɗe, har kamfanin faifai na Matador ya ɗauke shi. Mutumin da ya haɗa jitarsa ta farko da wayar birkin keke! Etran de L'Aïr ma na nan Agadas, tun 1995 suke kiɗan biki, 'yan gida ɗaya, sai 2018 kundinsu na farko ya fita waje. Da sun kori kowane baƙo fa?

Tsohon Mai Bas: Ka lissafa biyu. Ni zan lissafa maka ashirin da ba ka taɓa jin sunansu ba, kuma shi ya sa ba ka ji ba. Ka taɓa riƙe jita ma kuwa?

Ɗan Tawa: Ban taɓa ba, amma na iya karatu.

Sarkin Zolaya: To ga mafita: Ɗan Tawa ya karanta takardar, baba ya yaga ta. Kowa ya yi aikinsa.

Malamar Lise: Ku bar faɗa. Ɗana, kada ka sa hannu kan abin da ba ka karanta ba, ko da wanka ne ya kawo. A fassara maka ita layi-layi. Ka tambaya: bayan jikka 300 ɗin, akwai kaso a ciniki? Waƙar ce tasa ko naɗin kawai? Ba ɗaya ba ne. Kuma kafin komai ku je ofishin BNDA, hukumar kare haƙƙin mallakar fasaha ta Nijar, ku yi rajistar waƙoƙin da sunanku, ku huɗun duka.

Mai Jita na Agadas: Na gode mama. Maganar kaso ya ce sai an mayar da kuɗin da ya kashe. Nawa ne sutudiyo a Yamai yanzu, in mun ce mu yi da kanmu?

Ɗan Zongo: Jikka 25 kowace waƙa, bara muka yi.

Na Damagaram: Ina? Mu jikka 60 aka ce mana, ban da kuɗin mota da masauki. Agadas zuwa Yamai kusan kilomita 950 ne, ku huɗu da ganga, lissafa.

Ɗan Zongo: An ga rawaninka sabo ne shi ya sa.

Bakanon Sabon Gari: Jikkar nan taku nawa ce a naira? Kun bar ni a baya.

Uwar Biki: Dubu ɗaya ce ta sefa. Ni dai abin da zan ce, ku masu jita ku gyara hali. Bikin 'yata na ba da kafin alƙalami jikka 20, aka ce ƙarfe huɗu, sai shida suka iso, wai man janareto ma ni zan saya. Bikin ƙanwarta mai DJ na kira, jikka 15, ya zo da filashi ɗaya ya tashi unguwa.

Na Damagaram: Ga inda gizo ke saƙar. Hajiya, filashin nan waƙar wa ke ciki? Tamu. Mu sayi igiya, mu yi hayar lasifika, mu kwana muna gwaji, wani ya kwafa a kasuwa dala ashirin ya ci bikin da ita.

Tsohon Mai Bas: Kuma in ka je neman aure a ce maka maroƙi. Ni sau biyu ana mayar mini da goro. Ranar da aka sa sunan Bombino, mai jitar Agadas, cikin 'yan takarar Grammy, babbar lambar yabon waƙa ta Amurka, mutumin da ya hana ni 'yarsa har da cewa yaronmu ne.

Sarkin Zolaya: Baba, ashe bas ɗin ba ita kaɗai ta tsinke ba.

Uwar Biki: Ni ban ce maroƙa ba, na ce ba ku cika alƙawari. Waye zai biya ni awa biyu da baƙi suka yi suna kallon kujeru?

Mai Jita na Agadas: Jama'a, saura kwana 9 ya tafi. Akwai wanda ya iya Turanci a nan Agadas da zai duba mini shafi uku?

Na Damagaram: Hajiya, tsakani da Allah, man janareton lita nawa suka ce ki saya?