Tsohon antibayiros ko sabo: me kuka gani da idonku?

Mai tambaya: Assalamu alaikum. Ni ke kula da kwamfutocin ofishinmu, lasisin antibayiros ɗinmu kuma ya kusa ƙarewa. Wani dillali ya dage cewa irin na da ya mutu, sai dai sabon samfuri mai lura da take-taken manhaja. Don Allah wanda ya yi aiki da su ya faɗa mana abin da ya gani.

Mai gyaran kwamfuta: Wa alaikumus salam. Malam, asalin na da jerin alamomin bayiros da aka riga aka sani yake riƙewa, wanda ba ya ciki sai ya wuce. An taɓa kawo mini kwamfuta, bincike ya ce lafiya lau, alhali ta PowerShell, manhajar ba da umarni da ke cikin Windows, ake kwashe bayanai, babu fayil ɗin da za a kama. Amma fa manyan na da ɗin ma yanzu suna duba take-take, har Microsoft Defender da ke zuwa cikin Windows. Rabon tsoho da sabo yawancinsa zancen talla ne.

Mai rubuta manhaja: Mu sabon muka saka. Yana kamu, ba na musu, amma ranar biyan albashi ya toshe manhajar lissafin da muka rubuta da kanmu. Gargaɗi kuwa dare da rana yake shigowa, ba a ware mai karantawa ba. In ba ku da mutumin da zai zauna a kansa, ɗan'uwa, asarar kuɗi ce.

Malamar kwamfuta: Ni kafin mu zaɓa, sakamakon cibiyoyin gwajin antibayiros, wato AV-TEST na Jamus da AV-Comparatives na Ostiriya, na duba, na watanni da yawa a jere. Kamu kaɗai bai isa ba, a duba ƙararrawar ƙarya da nauyin da yake ɗora wa na'ura. Sannan na karɓi na gwaji na sa a tsofaffin kwamfutocinmu, nan ɗaya daga cikin antibayiros ɗin ya faɗi. Fayil ɗin EICAR kuwa, wato fayil marar illa da aka ƙirƙira don gwada antibayiros, nuna maka kawai yake cewa antibayiros a kunne yake, ba ya auna ƙarfinsa.

Wani ɗan'uwa: A ƙara da batun sabuntawa. WannaCry, bayiros mai kulle fayiloli ya nemi kuɗin fansa, a Mayun 2017 ya bazu, alhali tun Maris Microsoft ta fitar da gyaran kafar da yake bi ya shiga. Ranar 19 ga Yulin 2024 kuma sabuntawar manhajar tsaro ta kamfanin CrowdStrike ce ta tsayar da kwamfutoci kusan miliyan 8.5. Ka tambayi dillalin ko za a iya tura sabuntawa ga 'yan kaɗan kafin sauran.

Mai tambaya: Allah ya saka da alheri. Malama, tsawon wane lokaci kika bar na gwajin kafin ki yanke?