Karyata ta fara ficewa daga sandunan saƙa, tausa zan kai ta ko horo zan ƙara?

Uwar Walƙiya:

Assalamu alaikum jama'a, dan Allah waɗanda suka daɗe a harkar ajiliti, wato wasan da kare ke gudu yana tsallake shingaye mai shi na nuna masa hanya, ku ba ni shawara don abin nan ya fara hana ni barci. Ina da karya Boda Koli, irin karnukan nan na kiwon tumaki, sunanta Walƙiya, shekararta 3 da 'yan watanni, tun tana wata 18 muka fara shiga gasa kuma wallahi ba yabon kai ba sandunan saƙa, waɗanda ake jerawa a tsaye kare ya riƙa ratsawa tsakaninsu hagu da dama, nan ne ta fi ƙarfi, duk 12 ɗin take wucewa kamar ruwa ko kallona ba ta yi. To yau kusan sati biyar kenan sai ta shiga lafiya lau, in ta kai sanda ta tara ko ta goma sai kawai ta fice ta tsaya tana kallona, wani lokacin kuma ta kaɗe sandar tsallake, kuma na lura yawanci in za ta juya hagu ne bayan ta dira. Gasar da ta wuce laifi 10 alƙali ya rubuta mana a zagaye ɗaya, biyar na sandar tsallake biyar na saƙa, abin da ba mu taɓa yi ba.

Ba ta ɗingishi ko kaɗan, in na ɗauko ƙwallo kamar ta tashi sama. Abu ɗaya dai, da can tsalle ɗaya take yi ta faɗa bayan mota, yanzu sai ta ɗan tsaya ta yi shiri tukuna. Mai horar da mu ya ce raini ne ya fara shiga, in mayar da ita sanda shida in ƙara maimaici, wata ƙawata kuma ta ce jikinta ne ya ɗaure in kai ta wajen masu tausar karnuka. Ni dai na rasa na kamawa. Tausar nan tana aiki da gaske ko cin kuɗin mutane ne kawai?

Dattijon Fili:

Wa alaikumus salam 'yata. Maganar motar nan da kika jefo a ƙarshe kamar ba komai ba, ita ce ta fi duk sauran nauyi a wurina. Karen da ya saba faɗawa mota da tsalle ɗaya in ya fara tunani kafin ya yi, to wani wuri ke masa ciwo, raini ba ya bin kare har wajen mota. Ki dakatar da saƙa da tsallake daga yau ki kai ta wurin likitan dabbobi, in da hali wanda ya saba duba karnukan wasanni.

Kar rashin ɗingishi ya ruɗe ki, Boda Koli in ya ga fili mantawa yake yi da jikinsa. Ni da kaina na tafka wannan kuskuren da wani karena shekarun baya, wata biyu cur ina ta maimaita masa saƙa ina cewa taurin kai ne har da ɗaga masa murya, Allah ya yafe min, ashe tsokar matsematsi ce ta ja, wadda likitoci ke kira iliyosowas, tana tasowa daga ƙashin baya da ƙugu ta sauka ta kama saman ƙashin cinya ta ciki, ita ke jawo ƙafar baya zuwa gaba. Eksire bai nuna komai ba tunda shi ƙashi yake ɗauka, sai da likitan ya miƙe ƙafar ta baya ya ɗan juya ta ciki ya danna wurin, karen nan da bai taɓa ƙara ba ya yi wata irin ƙara da har yau ina jin ta a kunnena. Wata huɗu muka yi ba mu taka filin gasa ba.

Ban ce shi ke damun Walƙiya ba fa. Kafaɗa ma na kawo haka, don kare ba shi da ƙashin nan da ke haɗa kafaɗa da ƙirji irin namu, tsoka ce ke riƙe da ƙafafunsa na gaba, kuma ko yana tsaye kurum kusan kashi 60 cikin 100 na nauyinsa a gaba yake, balle ya diro daga tsallaken santimita 60 ya juya nan take. Kai ko yatsa ɗaya ko farcen da ya tsage ya isa ya fitar da kare daga saƙa. Sannan ina roƙonki kar a ba ta maganin ciwon jiki na mutane, ibuprofen na lalata musu ciki da ƙoda.

Sarkin Gardama:

Baba da girmanka, ban ƙi maganar likita ba, amma mun cika saurin ɗora wa jikin kare laifin da ƙafafunmu suka yi. Ficewa a sanda ta goma ai tsohon ciwo ne na masu gudu da kare ba na karnuka ba, kana gefe kana binsa sai zuciyarka ta riga ka zuwa shinge na gaba, ka ɗan ja gefe ko ka juya kafaɗarka kafin ya gama, shi kuwa kafaɗarka da ƙafarka yake karantawa fiye da bakinka sai ya biyo ka. Haka kaɗe sanda, in kika makara wajen tsallakawa ta gabanta ko kika kira sunanta tana sama, dole ta sauke ƙafar baya ta kaɗe.

Hajiya kina da bidiyon gasanninku na baya? Ki ɗauko na wata shida da suka wuce da na yanzu ki rage musu gudu, kar ki kalli karyar da farko, ki kalli kanki. Ki kuma auna tsakanin sandunan da kike horo da su ko santimita 60 ne daidai, na taɓa ganin wanda nasa na gida suka fi na gasa matsewa yana ta mamaki.

Wani abin kuma da ba a son faɗa, wasan ne kansa ya canja. Lokacin da aka fara nuna shi a Crufts, babban bikin nunin karnuka na Ingila, a 1978 don a cike lokaci ne tsakanin shirye-shirye kar 'yan kallo su gaji, yanzu kuwa ana tsara fili da juyi masu kaifi kuma karnukan gudu suke kamar harsashi. Shi ya sa ma wasu manyan ƙungiyoyi suka cire bututun nan mai jelar yadi da kare ke kutsawa ya fita a 2016 saboda karnuka na nannaɗewa a ciki.

Hannu Mai Sanyi:

'Yar'uwa tausar karnuka ita ce sana'ata, kuma da za ki kawo min Walƙiya yau da wannan bayanin sai in ce ki je likita ya gan ta tukuna ki dawo min da takardarsa. A Ingila ma doka ce, mai tausa ko mai gashin ƙashi ba ya yi wa dabba magani sai likita ya duba ta ya amince. Mu ba ma gano cuta, hannuna zai iya gaya min nan wurin ya yi tauri ko ya fi ɗayan ɓangaren zafi, amma ba zai gaya min dalili ba, kuma sau da yawa inda ya ɗaure ɗin ba nan ne asalin ciwon ba, kare in kafaɗar hagu na damunsa sai ya jingina aikin a kan ta dama da bayansa, su ne za ki ji sun yi kamar katako.

Kin tambaya ko cin kuɗi ne. Gaskiya binciken da aka yi a kan tausar karnuka bai da yawa, duk wanda ya ce miki zai warkar da yagewar jijiya da hannu ki riƙe jakarki da kyau. Abin da na gani da idona shi ne tana sassauta tsokar da ta gaji, tana kwantar wa kare hankali, kuma tana sa a gano matsala da wuri tunda kullum ana taɓa jikin. Ba a yin ta a kan sabon rauni, ko wurin da ya kumbura yake zafi, ko ƙari da ba a san ko mene ne ba, ko kare mai zazzaɓi. Kuma dan Allah kar ki kalli bidiyo ki ce za ki miƙe mata ƙafa ta baya, in tsokar da Baba ya ambata ce ƙara yaga ta za ki yi. Akwai kuma TTouch na Linda Tellington-Jones, da dawaki ta fara shi, 'yan ƙananan da'irori ne kike motsa fata da yatsu ba dannawa, ina amfani da shi ga kare mai tsoro kafin in fara aiki, iyakarsa kenan a wurina.

Abin da kowa zai iya yi a gida, da yamma in ta kwanta ki shimfiɗa tafin hannunki ki bi daga wuya har gindin wutsiya a hankali, sannan kafaɗu biyu da cinyoyi biyu kina gwada hagu da dama. In fatar bayanta ta yi rawa, ko ta waiwayo, ko ta lashi leɓe, ko ta yi hamma ba barci, ta ce miki a'a ne, ki tsaya ki riƙe wurin a ranki.

Tambayata gare ki, minti nawa kike ɗumama mata jiki kafin ku shiga? Don abin da ke ba ni haushi a wajen gasa kenan, a fito da kare daga keji bayan awa biyu yana kwance a kai shi layin farawa kai tsaye. Ko minti goma ne, tafiya, sassarfa, juyi hagu da dama, ja da baya, ɗan tsallake ƙasa-ƙasa, in an gama kuma a zaga da shi har hakinsa ya lafa kafin a mayar da shi keji.

Sabon Shiga:

Afuwan na shigo muku a tsakiya, nawa kwikwiyo ne watansa 8, na riga na sayo sandunan saƙa, wannan hirar ta tsorata ni. In fara ko in jira?

Dattijon Fili:

Ka jira ɗana, ka ajiye su a ɗaki. Ƙarshen ƙasusuwansa bai gama rufewa ba, a yawancin karnuka sai sun kai shekara ko su wuce, manya har wata 18, ba a banza FCI, ƙungiyar harkar karnuka ta duniya, ta sa wata 18 kafin kare ya shiga gasa ba. Yanzu ka koya masa zuwa in an kira, jira a layi, bin hannunka hagu da dama, shiga bututu, sandar tsallake kuma a ƙasa take kwance. Wannan ma aikin wata da watanni ne.

Uwar Walƙiya:

Jama'a na dawo da labari, Allah ya saka da alheri. Malam Sarkin Gardama na zauna da bidiyoyin har dare, gaskiyarka ne ina ja gefe tun tana sanda ta takwas, kunya ta kama ni, amma abin mamaki haka nake yi har a na bara kuma tana gama saƙarta ba ruwanta da ni, ashe ita ce ke rufa min asiri duk tsawon nan. Abin da ya canja shi ne takunta, da ƙafa ɗaiɗai take tura kowane gefe, a na yanzu kuwa tana haɗa biyun tana ɗan tsalle.

Na nuna wa likita bidiyon, ya lanƙwasa kafaɗar hagu ya danna ta gaba sai ta janye tana lasar leɓe, ya ce yana zargin jijiyar gaban kafaɗa ce, ranar Alhamis za a yi sikanin a tabbatar. Kafin nan ba tsalle ba ƙwallo, tafiya da igiya kawai, kuma ya ce in shirya wa aƙalla sati shida. Maganar ɗumama jiki kuwa 'yar'uwa kar ma in faɗi amsar, bai kai minti biyu ba. Yanzu damuwata ɗaya, ya ake riƙe Boda Koli sati shida ba gudu? Kwana uku kawai an yi ta fara cinye min ƙafar kujera.

Hannu Mai Sanyi:

Hhhh sannu, hancinta za ki ba aiki. Ki ɓoye mata ɗan abincin da kike ba ta lada da shi a cikin kwalaye ko tsohon tawul ta yi ta nema, ki koya mata sunayen kayan wasanta ɗaya bayan ɗaya, minti goma na wannan yana gajiyar da su fiye da yadda kike zato. Ki rage mata abinci kaɗan tunda ba ta ƙona shi, in ƙasan gidan mai santsi ne ki shimfiɗa darduma inda take bi, mota kuma ki ɗauke ta da hannu ko ki jingina katako ta hau ta sauka a kai, saukar ce ma ta fi bugun kafaɗa. In sakamakon ya fito ki tambayi likitan yaushe za a iya fara tafiya a kan injin motsa jiki na cikin ruwa, kuma ko ya yarda a taɓa mata bayanta da kafaɗar dama kafin nan.