Ruwa ya ƙi daina taruwa bayan tiyatar rage nono

Assalamu alaikum 'yan'uwa. An yi mini tiyatar rage girman nono irin ta maza, aka zuƙe kitse, aka yanke ƙullutun da ke ƙarƙashin kan nonon. Ɓangaren dama ya sace, na hagu kuwa ya ƙi. In na danna sai in ji ruwa na kai-kawo a ciki. Likita ya zuƙe da sirinji, ba a jima ba ya sake cika. Rigar matse ƙirjin ba na cire ta sai lokacin wanka. Babu zazzaɓi, wurin bai yi ja ba, amma kan nonon ya mutu murus, ko na mintsine shi ba na ji.

Don Allah wanda ya taɓa shiga wannan hali, sau nawa aka zuƙe maka kafin ruwan ya tsaya? Jin kuma yana dawowa kuwa?