Abin da muka tsinta a majalisar mai shayi kan kashe azzalumin shugaba

Jiya da dare a majalisarmu ta Tudun Wada gardama ta kaure har shayi ya huce a kofi, wai in an hamɓarar da shugaban da ya zubar da jinin talakawa a kashe shi ko a bar shi.

Malamin da ke mana limanci ya ce ƙisasi haƙƙi ne amma fa sai gaban alƙali, da shaidu, ba wai gungun matasa su ja shi a titi kamar yadda aka yi wa Gaddafi a Sirte a 2011 ba, kuma ga Libya nan har yau ba ta zauna ba. Wani tsohon soja, baba ne a gare mu, ya kawo maganar Saddam, an rataye shi 30 ga Disamba 2006 ranar babbar sallah kan kisan mutum 148 na garin Dujail a Iraƙi, to shari'ar kisan Kurdawa ba a ƙarasa da shi ba, ga shi ranar da aka zaɓa ta sa wasu suka mai da shi gwarzo. Ya ce gaggawa ce ta ɓata abin.

Shawarar da ta fi rinjaye dai: a tsare shi da rai, ya ji shaidar iyayen waɗanda ya kashe, a ƙwato dukiya, kamar Hissène Habré, tsohon shugaban Chadi, da aka yanke wa ɗaurin rai da rai a Senegal 2016. Ni kam na karkata nan, duk da mai shayi ya ce wallahi da ɗansa aka kashe ba zai saurare mu ba, kuma babu wanda ya iya ba shi amsa.