Wanda ya raka ka gari shi ke zaɓa maka amsa

Ɗan Adar: Salamu alaikum ƴan uwa. Ina shekara ta biyu ta mastar a fannin nazarin zamantakewa nan Yamai, memuwar ɗina, wato kundin binciken kammala karatu, kan rikicin manoma da makiyaya ne a yankin Madawa. Abin da ya faru a Bangi a watan Nuwamba na 2016 ya sa na ɗauki batun, lokacin da ɓarnar gona ta kai ga rasa rayuka kusan 20.

Bayan girbi na yi sati uku a wani ƙauye. Na sauka gidan mai gari kamar yadda aka ce in yi, manoma kuwa suka buɗe mini ciki, har wani dattijo ya kai ni gonarsa ya nuna mini sawun shanu cikin wake. Ranar da zan je ruga, ɗan mai gari ne ya ɗauke ni a babur. Aka shimfiɗa mini tabarma, aka kawo nono a ƙwarya, amma kowace tambaya amsarta ɗaya: "Lafiya lau muke zaune da su." Na dawo da hirar awa 14 daga manoma, ta makiyaya ko awa guda ba ta cika ba. In na rubuta da wannan, na zalunci mutane. Wa ya taɓa shiga irin wannan hali?

Bafillacen Abalak: Ɗan uwa, sun ga wanda ya kawo ka, shi ke nan. Ni akasin haka na gani. Da na faɗi sunan mahaifina, manoma suka ɗinke baki, wani ma ya tambaye ni ko shanunmu na zo nema wa hanya.

Ka san abin da ke zuciyar mutanen ruga. A Toda, jihar Maradi, a shekarar 1991 an kashe Fulani sama da 100, yawancinsu mata da yara, kuma tsofaffi ba su manta ba. Ga doka kuma tana nan a takarda: ta 1961 ta shata iyakar noma ta arewa, kundin dokar karkara ya zo a 1993 da kwamitocin filaye da muke kira Kofo, dokar kiwo ta 2010 ta amince cewa yawon kiwo haƙƙi ne. Amma makiyayi yana kallon gona tana cin burtali taku biyu bana, taku uku baɗi, kuma idan dabba ta shiga, a gaban mai garin da ka kwana gidansa ake yanka masa diyya. To me zai gaya wa baƙon mai gari?

Ka koma ta hannun Arɗo. Ka same shi ranar kasuwa a wajen dabbobi, ka je da ƙafarka, ka kwana can ko da dare biyu ne. Kada ka fara da faɗa, ka fara da rijiya: wa ke shayarwa da safe, wa ke jira har azahar, nawa ake biya. Daga nan maganar sakin gonaki ga dabbobi bayan girbi za ta fito da kanta.

Ƴar Konni: Nawa binciken kan gadon gona ne tsakanin ƴan uwa. Duk gidan da na shiga, maigida ke amsa wa matan, su kuma suna gefe suna cewa haka ne. Sai da na ajiye littafi na ɗauki taɓarya wajen sussuka sannan na ji gaskiya. Wata baiwar Allah, mijinta ya rasu, ta ce yayyenta maza sun sayar da gonar ubansu ba su ba ta ko dala ba, alhali ta san addini ya ba ta rabin kason namiji. Da zan tafi ta riƙe mini hannu ta ce, "Ɗiyata, ke da kika yi lakwal, ki kai maganata gaban alƙali." Na gaya mata ni ɗaliba ce, na kwatanta mata yadda ake fara sulhu wajen sarki a rubuta takarda kafin a je kotu. Na samu maki mai kyau da labarinta. Har yau ina jin nauyin hannun nan, domin ita ba ta samu komai ba.

Mai Tarihi: Ku da kuka iya zuwa ma kun gode Allah. Ni a kan Tiliya ta jihar Tawa na yi aiki, bayan harin 21 ga Maris 2021 da ya ci mutum 137 a Intazayan da Bakorat da Wistan. Yankin yana ƙarƙashin dokar ta-ɓaci tun 2017, hanya ba ta biyuwa, don haka a cikin garin Tawa na yi hira da waɗanda suka gudo. Ban naɗi muryar kowa a waya ba, saboda waya tana iya faɗawa hannun da ba a so. Da hannu na rubuta, na sauya sunaye da zango. Ranar kare aikin a gaban malamai, wani malami ya matsa sai na faɗi wane ne ya ce kaza, na ce masa na yi alkawari. An rage mini maki, kuma ko gobe haka zan yi.

Ɗan Adar: Allah ya saka da alheri. Na yi magana da malamina, ya yarda in ɗaga kare aikin zuwa nan da wata uku. Wani abokin karatuna ɗan yankin ya ce kawunsa dillalin shanu ne, zai haɗa ni da Arɗo ranar kasuwa. Bafillace, in ba damuwa ka turo mini gaisuwar Fulatanci ta safe da ta yamma, in haddace kafin in hau mota.