Tsohuwar Mini: sabon inji da ja da tayoyi huɗu, daga ina ake farawa?

Mai Mini ya rubuta:

Assalamu alaikum. Ina da tsohuwar Mini ƙirar 1978 mai inji 998cc, wadda na shafe shekara biyu ina gyara bodinta a hankali. Injin ya gaji, kuma ko yana sabo ƙarfinsa bai wuce doki 40 ba. Burina shi ne in ɗora mata injin Honda B16, sannan in mayar da ita mai ja da tayoyi huɗu, domin na ji an ce idan aka ba ƙaramar mota irin wannan ƙarfin doki 160 ta tayoyin gaba kaɗai, sai ta riƙa murza taya a banza tana fizgar sitiyari. Na iya walda daidai gwargwado, amma ban taɓa aiki mai girman wannan ba. Ina roƙon waɗanda suka san harkar su faɗa mini abin da ya fi wuya a cikinta, da kuma giyabos ɗin da ya dace in nema.

Tsohon Bakanike ya amsa:

Wa alaikumus salam. Malam, ɗora injin shi ne ɓangaren da ya fi sauƙi, domin mutane da dama sun riga sun bi wannan hanya, har ana ƙera firam na gaba musamman saboda ita. Duk da haka ka sani cewa a Mini giya tana ƙarƙashin inji ne, suna amfani da baƙin mai ɗaya, saboda haka idan injin ya fita giyar ma ta fita. Injin Honda da giyarsa a jere suke, sun fi faɗi, kuma lagireton da ke gefe dole ya koma gaba, abin da ya sa wasu ke tsawaita hancin motar ko su sa mata gaban Clubman, wato samfurin Mini mai dogon hanci.

Game da giyabos, injinan Honda na jerin B, irin su B16, suna juyawa ne saɓanin yawancin injina, don haka ba kowace giya za ka haɗa masa ba. Abin da aka saba nema shi ne giyar hannu ta motar Honda CR-V ƙirar farko, wadda ita ma ta jerin B ce, kuma tana da mafitar da ke ba farfela, wato dogon shaf ɗin da ke bi ta ƙarƙashin mota, ƙarfi zuwa baya. Ka sayi giyar da farfelar da aksil ɗin baya daga mota guda, domin idan lissafin haƙoran gaba da na baya bai zo ɗaya ba, tayoyin za su riƙa jayayya da juna har wani abu ya karye. Saboda wannan dalili dole tayoyin huɗu su zama girma ɗaya.

Wahalar tana baya. Tayoyin bayan Mini a kan hannuwa biyu suke rataye, roba ce ke ɗaukar nauyinsu, kuma ba a yi musu wurin shigar shaf ba ko kaɗan. Ke nan sai an ƙera sabon firam na baya gaba ɗaya, da wurin zaman aksil, da sababbin hannuwa da shokazoba. Ramin da ke tsakiyar daɓen motar salansa aka yi wa, farfela ba za ta shiga tare da shi ba sai an yanke an ɗaga. Tankin mai da batir kuwa a but suke, daidai inda sabon aikin zai buƙaci wuri. Mini ba ta da shasi daban, bodin ne ke riƙe da komai, saboda haka kafin ka sa abin yanka a daɓen, ka ɗaure bodin ta ciki da ƙarafa, in ba haka ba za ka gama aiki ka tarar ƙofofi ba sa rufuwa.

Mai Son Asali ya amsa:

Ni ra'ayina ya bambanta, kuma ina fatan ba za ka ɗauka da zafi ba. Bodin da ka yi shekara biyu kana tsaftacewa daga tsatsa bai kamata ya zama wurin koyon yanka ba, domin an daina ƙera wannan mota tun shekarar 2000, kuma wadda aka farke wa daɓe da wuya ta koma yadda take. Abin da ya sa Mini ke da daɗin tuƙi shi ne rashin nauyinta, wanda bai kai kilo 700 ba, kuma farfela da aksil da firam duk ƙari ne a kansa. Injin Mini mai 1275cc da aka gyara da kyau zai zauna a wurin naka ba tare da an taɓa bodi ba. Idan kuwa ranka ya kafe a kan tayoyi huɗu, ka nemi wani bodin da ƙasansa ya riga ya ruɓe, ka yi gwajinka a kansa.

Injiniya ta amsa:

Na yarda da maganar neman wani bodin, sai dai ina so in ƙara abu biyu. Na farko, aksil ɗin bayan CR-V ba ya ja koyaushe. Akwai famfo biyu a cikinsa, ɗaya na bin gudun gaba, ɗaya na bin na baya, kuma sai tayoyin gaba sun fara sulɓi ne bambancin matsin mai zai kama kuloci ya tura ƙarfi baya. Ma'ana, fizgar sitiyarin da kake gudu za ta ragu amma ba za ta ɓace ba, musamman idan shaf ɗin gaba biyu suka bambanta da yawa a tsawo ko suka zauna a karkace.

Na biyu shi ne birki, wanda na ga ba a ambata ba. Motarka ta fito da birkin ganga a ƙafa huɗu da rim mai inci 10, kuma wannan ba zai tsayar da motar da ƙarfinta ya ninka sau huɗu ba. Faifan birki mai inci 8.4 yana buƙatar rim mai inci 12 aƙalla, saboda haka girman taya ne abu na farko da za ka yanke, tunda shi zai nuna maka birki da tsawon shaf da saurin da kowace giya za ta bayar. Kafin ka kashe ko sisi kuma, ka binciki abin da hukumar rajistar motoci da kamfanin inshora ke buƙata a inda kake, domin ƙasashe da dama na ɗaukar motar da aka yanke wa bodi a matsayin wadda sai an sake gwada ta.

Mai Mini ya sake rubutawa:

Na gode ƙwarai, Allah ya saka da alheri. Maganar famfo biyu ta sa na sake tunani, domin na ɗauka tayoyin baya za su riƙa ja a kowane lokaci. Na yanke shawarar barin wannan bodin yadda yake, in nemi wani in fara ɗora masa injin da giyar CR-V ba tare da farfela ba, in tuƙa in ga halinsa kafin in taɓa baya. Malam Bakanike, shin giyar za ta jure tafiya haka idan an bar mafitarta ta baya ba a haɗe da komai ba?