Musayar Waƙa: A Bakin Ƙofar Ajin Manya

Mai Ɗinkin Fagge:
Assalamu alaikum. Ni nake faɗa, 'yata ke danna min wayar. Duk mai amsawa ya rufe baitinsa da "ba", kamar yadda na yi.

Na haura arba'in a duniya,
Keken ɗinki shi ne dukiya,
In alat ya shigo cikin waya,
Sai na nemi yaro, ban iya ba.

A banki an miƙo min takarda,
Na dangwala yatsa a tawada,
Yarinya ƙarama ce shaida,
Ban ɗaga ido na dube ta ba.

An buɗe ajin manya a layinmu,
Na yafa mayafi zan je in samu,
Na tuna da bakin 'yan unguwarmu,
Na juyo gida, ban shiga ba.

Dattijon Kurmi:
Wa alaikumus salam, 'yata. Saurara.

Shin wa ya tare miki hanya?
Ba mai gida ba, ba kishiya,
Katangar nan tana cikin zuciya,
Ba wani magini ya ɗora ta ba.

A 1980 nan cikin Kano,
Zamanin Rimi ne aka gano
Manya ma da rabonsu a kwano,
Hukumar ilimin manya ba ta rufe ba.

'Yar Sakkwato:
Baba, ka gafarce ni zan tanka,
Bakin mutane yana yanka,
Wanda bai taɓa sha ba ya ɗauka
Wasa ne, bai san zafinsa ba.

Amma Yaya, ga abin da ya tsayar da ni lokacin da aka yi ta yi da ni:

Nana Asma'u ta kafa 'Yan Taru,
Matan ƙauyuka suka taru,
Tsofaffi da 'yan mata suka ƙaru,
Ba a ce wata ta yi latti ba.

Jaji, malamarsu, da malfa da jan rawani,
Tafe a ƙafa, ba ta tsoron wani,
Nana ta rasu 1864, amma har wannan zamani
Aikin 'yar Shehu bai tsaya ba.

Ɗalibin Zariya:
Inna, Obasanjo ya sauka mulki,
Ya koma karatu ya riƙe shi aiki,
2018 ya zama dakta, ba mamaki,
Shekara tamanin ba ta hana shi ba.

A jami'ar karatu daga gida, NOUN, ya yi shi.

Mai Ɗinkin Fagge:
Allah ya saka muku. Amma ɗana, shi wannan ai da karatunsa tun yana yaro. Ni daga tushe zan faro.

Na ji, amma kwanyar ta daskare,
Abin da na ji da safe, kafin dare
Ya gudu, ga ɗinkin biki ya sa ni a tsare,
Ban ga ta inda zan fara ba.

Malamar Ajin Manya:
Wannan maganar ce na fi ji a bakin matan da ke zuwa wurinmu, kuma ita ta fi ba ni takaici, domin ba gaskiya ba ce.

Hajiya, kwanyar da ke riƙe awo,
Ƙugu, kafaɗa, hannu da tsawo,
Na kowace mai ɗinki in ta dawo,
Wallahi ba ta daskare ba.

Lambobin tef kina karantawa,
Canjin kasuwa kina lissafawa,
Baƙi da wasali ya rage a haɗawa,
Ba, be, bi, bo, bu ba su fi ki ba.

Ranar farko hannu zai karkarwa,
Fensir ya zame, ki ji kamar guduwa,
Ta kusa da ke ma haka ta yi da zuwa,
Ba wadda ta shigo da iyawa ba.

Bayan la'asar muke karatu,
Ki zo da fensir da littafin rubutu,
In ɗinkin Sallah ya taso ki ɗau hutu,
Ba za mu goge sunanki ba.

Bakaniken Ƙofar Ruwa:
Malama, yarona ya karanto na ji,
Rasit ke ɗaure ni a gareji,
Mu maza ma akwai mana aji?
Na dare nake so, ba na rana ba.